WUƘA A ALJIHU: ME DOKA TA CE?

Gabatarwa

A farkon kowane zango, sa'ad da ɗalibai suka komo daga hutu, mu malamai mukan tsaya a bakin ɗakunan kwana mu bincika akwatuna. Mukan sami garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da mazarƙwaila wadda iyaye suka ƙunsa wa 'ya'yansu. Wani lokaci kuma, can ƙarƙashin tufafi, hannu yakan taɓa ƙarfe. In muka tambayi mai akwatin, amsar ba ta wuce biyu. Ko dai ya ce, "Malam, ta fere rake ce," ko kuwa ya ce, "Malam, hanya ba kyau, don tsaron kai na riƙe ta." Bana wani yaro ɗan aji biyar ya ƙara mana ta uku. Ya ce ya karanta a waya cewa doka ta yarda a ɗauki wuƙar da ba ta wuce inci 3 ba, tasa kuwa ya auna da rula, ba ta kai ba.

Yaron nan bai yi ƙarya ba, lalle ya karanta. Sai dai dokar da ya karanta ta Ingila ce, shi kuwa a Kudan yake zaune, cikin Jihar Kaduna. Da ɗan sanda ne ya same shi da wuƙar a wurin taron siyasa a Hunkuyi, da rularsa ba ta cece shi ba. Wannan ne ya sa muka keɓe darasin bana a kan wannan magana, domin amfanin ɗalibai, da malamai, da iyaye waɗanda littafin nan zai shiga hannunsu. Rashin sani ya fi dare duhu, alƙali kuwa ba ya karɓar "ban san doka ba" a matsayin hujja.

Wuƙa kayan aiki ce

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Ƙasarmu ƙasar noma ce. Daga Kudan zuwa Likoro, daga Hunkuyi zuwa Makarfi da Ikara, ba gidan da za a shiga a rasa abu mai kaifi. Da adda ake saran rake, da lauje ake yankan shinkafa da ciyawa, da almakashi ko ƙaramar wuƙa masu lambun inabi suke gyaran rassa. Mahauci ba ya fawa sai da wuƙa, haka mai tsire, haka baduku. Wanzami da askarsa yake ci. Uwa a madafa da wuƙa take yanka kuɓewa da albasa. Ranar Kirsimeti ko ranar Babbar Salla kowace unguwa ana wasa wuƙaƙe, ba wanda ya ce an yi laifi.

Saboda haka doka ba ta hana mutum ya mallaki wuƙa ko adda ba, ba a kuma neman lasin a kansu. Bindiga ce ake nema wa lasin, bisa ga Dokar Bindigogi ta 1959, wuƙa kuwa ba ta cikin wannan doka. Amma wuƙar nan da ta fere rake da safe, ita ce wata rana akan ajiye a gaban alƙali, an ɗaura mata takarda, ana kiranta shaida. Tambayar darasinmu ke nan: yaushe kayan aiki yake zama makami a idon doka?

Wa yake yin dokar?

Nijeriya tarayya ce, Tsarin Mulki na 1999 kuwa ya raba aikin yin doka. Akwai abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take da wuƙa da nama a kansu, kamar bindigogi da harsasai da nakiyoyi. Amma yawancin laifuffukan yau da kullum, irin su faɗa, da rauni, da sata, da kisa, kowace jiha da kundinta.

Kundin da jihohin Arewa suka gada shi ne wanda muke kira Final Kod. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira wasu masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, suka ba da shawara. Aka yi dokar a 1959, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a karɓi mulkin kai. An ɗauko tsarinta daga kundin Sudan, wanda shi ma asalinsa kundin Indiya ne na 1860. Yawancin jihohin Kudu kuwa suna bin wani kundi dabam, wato Kiriminal Kod.

A 2017 Jihar Kaduna ta yi nata sabon Final Kod, ta sake jerin sassa, ta sabunta hukunce-hukunce. Tun 2002 kuma akwai kundin da kotunan Shari'ar Musulunci suke hukunta Musulmi da shi a jihar. Sai mu lura da abu ɗaya: inda muka kawo yawan shekarun ɗauri daga Final Kod a cikin darasin nan, na kundin 1959 ne, mun kawo su domin a ga yadda doka take tunani. Wanda shari'a ta hau kansa yau a Kaduna, da sabon kundin za a yi masa hukunci.

Ƙasashen da suke auna wuƙa da rula

Mu koma ga yaronmu mai rula. A Ingila akwai doka ta 1988 wadda ta hana mutum ya fita cikin jama'a da abu mai kaifi ko mai tsini sai da kyakkyawan dalili. An keɓe ƙaramar wuƙar aljihu mai naɗewa, wadda bakinta bai wuce inci 3 ba, kuma ba ta kullewa in an buɗe ta. Dalilan da aka yarda da su sun haɗa da sana'a, da addini, da tufafin gargajiya. Wanda ya karya dokar yana iya shan ɗaurin shekara 4. Ba a kuma sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba wuƙa, sai dai irin wannan ƙaramar mai naɗewa. Har a can ɗin ma, wanda ya ɗauki ƙaramar wuƙar da niyyar ya soki wani ya yi laifi, tsawonta ba ya fid da shi.

A Amurka kuwa kowace jiha da nata awo. Jihar Kalifoniya ta hana yawo da wuƙar da akan danna maɓalli ta buɗe, in bakinta ya kai inci 2. Jihar Tekzas tun 2017 ta yarda manya su ɗauki wuƙar da ta wuce inci 5 da rabi, amma ban da wurare kamar makarantu. Mutum zai iya zama mai bin doka da safe, ya ƙetare iyakar jiha, ya zama mai laifi da yamma, alhali wuƙar ba ta canza ba.

Darasi na farko ke nan: abin da muka karanta a intanet, mu fara tambaya, dokar wace ƙasa ce? Dokokinmu da za mu duba yanzu ba su ambaci inci ko santimita ba. Tambayoyi huɗu suke yi.

Tambaya ta farko: a ina aka same ka da ita?

Akwai dokar tarayya ta 1979 ta kiyaye zaman lafiyar jama'a. Sashe na 8 ya hana kowa ya halarci taron jama'a ko jerin gwano yana ɗauke da makami, sai wanda hukuma ta ba aikin, kamar ɗan sanda ko soja. Makaman da ta lissafa sun haɗa da bindiga, da kwari da baka, da mashi, da adda, da wuƙar suka, da kulki, har da guntun itace ko ƙarfe ko dutse da za a iya ji wa mutum ciwo da shi. Hukuncin ɗaurin wata 12 ne, ba zaɓin tara. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke sassan dokar da suka tilasta neman izinin 'yan sanda kafin a yi taro, amma hanin ɗaukar makami ba ya cikin abin da aka soke.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙara nauyi. Ta yanka tara, ko ɗauri, ko duka biyu, ga wanda ya je taron siyasa da makami. Ta kuma hana riƙe makami a cikin mita 300 daga rumfar zaɓe ranar jefa ƙuri'a.

A nan ba a bukatar mutum ya zare wuƙar. Kasancewarta a jikinsa a wannan wuri ya isa. Manomin da ya taso daga gonar rake da addarsa a kafaɗa, yana kan hanyar gida, yana cikin sana'arsa. In ya ji kiɗa ya ratse ya shiga taron 'yan siyasa da addar nan, ya shiga wani hali dabam. Tsakanin halin farko da na biyu wataƙila taki 20 ne kawai.

Ɗalibanmu da za su tafi Kudu karatu ko bautar ƙasa, su riƙe wannan ma: sashe na 80 na Kiriminal Kod ya sa ɗaurin shekara 2 ga wanda ya fita cikin jama'a da makami ba da dalili ba, ta yadda zai firgita mutane. A kuma ƙwace makamin.

Wani zai ce, to, mahayan da suke zare takubba a hawan Salla a Zariya fa? Wannan al'ada ce da masarauta take shiryawa da sanin hukuma, an san mahayan, an san hanyarsu. Ba ta zama izini ga saurayin da ya cusa wuƙa a ƙugu ya shiga cikin 'yan kallo ba.

Tambaya ta biyu: don me ka ɗauke ta?

Dokar Fashi da Makami ta 1984 ta bayyana hanyoyi uku da abu yake zama makami. Na ɗaya, abin da tun asali an ƙera shi domin ji wa mutum ciwo, kamar takobi ko barandami. Na biyu, abin da aka gyara domin wannan aiki, kamar kwalbar da aka fasa, ko guntun ƙarfen da aka wasa aka yi masa ƙota. Na uku, abin da mai shi ya ɗauka da niyyar ya ji wa wani ciwo, ko da cokali ne.

Alƙali ba ya ganin zuciya, saboda haka yakan duba abin da ya kewaye mutum. Wuƙar mahauci da ke cikin kube, a cikin buhu, tare da mawashi da igiya, da sassafe a hanyar kasuwar Makarfi, ta bayyana dalilinta da kanta. Wuƙar nan ɗaya, tsirara a cikin safa, da ƙarfe 11 na dare a bayan gidan biki, ita ma ta bayyana nata dalilin. Lokaci, da wuri, da yadda aka ɓoye ta, da maganar da mutum ya yi kafin ya fito, duka shaida ne. Yaron da ya ce wa abokinsa da rana, "Yau sai na nuna masa," ya riga ya rubuta rabin ƙararsa da bakinsa.

Tambaya ta uku: me aka yi da ita?

A nan ne za mu ga yadda wuƙa take ninka laifi. Ga yadda Final Kod na 1959 ya tsara:

1. Wanda ya ji wa wani ciwo da gangan, ɗaurinsa yana iya kai shekara 1. In da abin suka ko abin yanka ne, shekara 3.

2. Wanda ya yi wa wani mummunan rauni, shekara 7. In da abin suka ko abin yanka ne, shekara 14.

3. Wanda ya shiga haramtaccen taro, wato mutum 5 ko fiye da suka haɗu da niyyar ta da fitina, shekara 1. In yana riƙe da makami, shekara 2.

4. Wanda ya shiga tarzoma, shekara 3. In yana riƙe da makami, shekara 5.

5. Wanda ya tsoratar da wani da barazanar kisa ko mummunan rauni, ko bai taɓa shi ba, shekara 7.

Mummunan rauni a doka ya haɗa da rasa ido ko gaɓa, da karaya, da tabon da ya ɓata fuska har abada, da raunin da ya sa rai cikin haɗari, da wanda ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. Yanka ɗaya a kumatu ya isa. In kuwa rai ya fita, kuma aka tabbatar mai sukan ya san mutuwa ce za ta biyo baya, hukuncin kisa ne.

Mu duba faɗan da akan yi bayan wasan ƙwallo. Yara biyu sun kaure, an raba su, kowa ya tafi da kumburin baki. Gobe iyaye su zauna gaban mai unguwa, a ba da haƙuri, magana ta wuce. Amma in ɗayansu yana da wuƙa a aljihu, fushin minti ɗaya zai sa hannu ya kai gare ta kafin hankali ya iso. Daga nan magana ta fi ƙarfin mai unguwa.

Tambaya ta huɗu: tare da wa kake?

Wannan ce tambayar da ta fi cin yara masu hankali. Dokar Fashi da Makami ta 1984 ta ce hukuncin fashi ba ya kasa ɗaurin shekara 21. In mai fashin yana riƙe da makami, ko yana tare da wanda yake riƙe da makami, ko an ji wa wani ciwo, hukuncin kisa ne. Mu sake karanta tsakiyar maganar: ko yana tare da wanda yake riƙe da makami. Ƙwacen waya da wuƙa, wanda ya addabi biranenmu, fashi da makami ne a idon doka, kome arahar wayar. Wanda ya tuƙa babur, da wanda ya tsaya gadi a bakin lungu, hukuncinsu ɗaya da wanda ya zare wuƙar.

Final Kod ma haka ya tsara: in ɗaya daga cikin 'yan haramtaccen taro ya yi laifi domin cika niyyar da ta tara su, laifin yana kan kowa da ke cikin taron. Mun ji labarin 'yan daba a Kano, da 'yan sara-suka a Bauci da Jos da Kaduna, da 'yan kalare a Gombe, da ƙauraye a Katsina. Da yawa cikin waɗanda suke tsare saboda waɗannan ƙungiyoyi da rakiya suka fara. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

To, kare kai fa?

Ba za mu yi kamar ba mu san abin da yake damun iyaye ba. Hanyoyinmu ba kamar da ba. Ana ƙwacen waya, ana satar mutane, yaro yakan taso daga tasha bayan magariba shi kaɗai. Tsoron gaskiya ne, doka kuwa ba ta ce mutum ya naɗe hannu a kashe shi ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulki da Final Kod duka sun yarda mutum ya kare ransa, da ran wani, da dukiya. Amma sun kafa iyaka:

1. Haɗarin ya zama yana nan a lokacin. Wanda aka zaga jiya ya ɗauko wuƙa yau, ramuwa ya zo yi.

2. Kada a yi ɓarnar da ta wuce abin da ake bukata domin tsira. Ba a rama mari da suka.

3. In akwai lokacin da za a nemi taimakon hukuma, sai a nema.

4. Ba a kai ga kisa sai in mutum yana da dalilin jin tsoron mutuwa, ko mummunan rauni, ko babban laifi irin su fyaɗe da sata ta mutum da fashi.

5. Da zarar haɗarin ya wuce, 'yancin ya ƙare. Wanda ya bi mai gudu ya soke shi a baya ya fita daga inuwar doka.

Akwai shari'ar da ta girgiza ƙasar nan a kan wannan batu. Wani manomi a Jihar Adamawa ya ce wani mutum ya kai masa hari da wuƙa a gona, ya ji masa rauni, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi, mutumin ya mutu. A 2021 Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, bisa ga cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Ɗaya daga cikin alƙalan ba ta yarda da sauran ba, mutane da yawa kuma suka ce hukuncin ya yi tsanani. A Disamba 2025 gwamnan jihar ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara 10 a tsare.

Ko mun yarda da hukuncin ko ba mu yarda ba, mu lura da wannan: mutumin nan wuƙar ba tasa ba ce, duk da haka ga inda shari'a ta kai shi. Ina ga wanda ya fito da tasa daga gida? Tambayar farko da mai gabatar da ƙara zai yi masa ita ce, "Me ya sa ka fito da ita?" In ya ce don tsaron kai, ya amsa da bakinsa cewa ya ɗauke ta ne domin jikin mutum. Ban da haka, masu ƙwace ba su zuwa ɗaya ɗaya, sun kuma fi ɗan makaranta sanin wuƙa. Wanda ya miƙa waya ya rasa waya. Wanda ya zare wuƙa yana iya rasa ransa, ko ya ɗauki na wani.

"Ai ni yaro ne"

Wasu ɗalibai suna tsammani ƙuruciya garkuwa ce. Final Kod na 1959 ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an duba ko ya san abin da yake yi. Ba ɗalibin sakandare da zai fake a nan. Dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018 ta ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ana kuma bi da shari'arsa ta hanya dabam da ta manya. Amma wannan ba sallama ba ce. Akwai gidan gyaran hali na matasa a Kaduna, wanda aka kai can kuwa karatunsa ya tsaya. Sa'an nan da yawa cikin 'yan aji shida sun cika 18 kafin su rubuta jarrabawar fita. A gaban alƙali su manya ne, ko da suna sanye da rigar makaranta.

Makaranta kuma tana da nata ƙa'idodi. Abin da doka ta bar wa manomi a gonarsa, makaranta tana da iko ta hana a ɗakin kwana, inda yara da yawa suke barci wuri ɗaya. Addunan aikin gona da na share fili suna ɗakin ajiya, ana ba da su da lissafi, ana karɓa da lissafi. Dalilin ke nan.

In an tsayar da mu a hanya

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ba ɗan sanda iko ya tsayar da mutum ya bincika shi, in yana da dalilin zargi mai ma'ana. Ya kamata ya faɗi sunansa, da ofishinsa, da abin da yake nema. Irin askin mutum ko tufafinsa kaɗai ba su isa dalilin zargi ba. Mace kuma mace ce take bincika ta. Namu aikin shi ne mu tsaya, kada mu gudu, kada mu kai hannu aljihu. In da kayan aiki mai kaifi a jaka, mu faɗa tun kafin a gani, mu faɗi inda muka fito da inda za mu.

In an kama mutum, Tsarin Mulki ya ba shi 'yancin yin shiru har ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Belin 'yan sanda kyauta ne, ba a kuma kama uba ko uwa a madadin ɗa. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar tarayya mai ba da agajin shari'a ga marasa hali, tana da ofis a Kaduna. Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba.

Abin da za mu yi

Ga ɗalibai: kayan aiki ya tafi wurin aiki, ya komo gida. A sa shi cikin kube ko a naɗe shi da tsumma, a sa a buhu, kada a soke shi a ƙugu. Kada a ratse da shi kasuwar dare, ko gidan biki, ko filin ƙwallo, ko taron siyasa. In za a zo makaranta da rake, a fere shi a gida. In abokinka ya ce ka riƙe masa wuƙa, ka ƙi. In ka ga wuƙa a jikin wanda kuke tafiya tare da dare, ka rabu da tafiyar. In wani yana yi maka barazana, ka gaya wa malami tun da wuri, gama yawancin wuƙaƙen da muke samu tsoro ne ya kawo su, tsoron kuwa muna iya maganinsa in mun sani.

Ga iyaye: ku duba akwatin yaro kafin ya bar gida. Kada uba ya miƙa wa ɗansa wuƙa ya ce "ka riƙe saboda hanya." Ya fi kyau a sallame shi da wuri ya iso da rana, a haɗa shi da abokan tafiya, a sa shi motar da aka sani, a kuma gaya masa cewa ransa ya fi waya.

Ga mu malamai: in mun sami wuƙa, kada mu tsaya ga bulala. Mu zaunar da yaron mu ji wanda yake tsoro, mu kira iyayensa, mu rubuta abin da muka karɓa.

Kammalawa

Yaronmu mai rula mun karɓi wuƙarsa, muka ba mahaifinsa ranar ziyara. Da muka zauna da shi, ashe wasu samari ne suke tare shi a hanyar tasha duk ranar hutu. Yanzu yana tafiya tare da 'yan garinsu, mahaifinsa kuma ya kai maganar gaban mai unguwarsu. Bana zai shiga aji shida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi domin bita

1. Me ya sa awon inci 3 ba ya aiki a Kudan?

2. Kawo hanyoyi uku da abu yake zama makami bisa ga dokar 1984, da misali ɗaya ɗaya daga gidanku.

3. Manomi ya taso daga gona da adda, ya tarar da jerin gwano a hanya. Wace shawara za ka ba shi?

4. Yara uku sun ƙwace waya, ɗaya kaɗai yake riƙe da wuƙa. Me doka ta ce game da sauran biyun?

5. Faɗi iyakoki biyar na kare kai, sa'an nan ku tattauna a aji: wanne ne ya fi wuyar kiyayewa sa'ad da rai ya ɓaci?